Yadda Ake Zaɓen Tsohon Madubin Tsaye, a Gyara Shi, a Ba Shi Wuri a Ɗaki

Tsohon madubin tsaye, irin mai ƙafa huɗu da ke lilo tsakanin sanduna biyu, yana cikin kayan ɗakin da aka fi wulaƙantawa a gidajenmu na Zariya. Sai ki tarar da shi a sito an jingine bayan buhunan masara, ko a baranda rana na dukansa ruwa na dukansa, don kawai gilashinsa ya yi baƙi a gefe-gefe. Alhali gilashin ne ya fi komai sauƙin sauyawa a jikinsa. Abin da ya yi wuyar samu yanzu shi ne katakon da aikin da aka yi masa: madaci ko loko da ya shekara hamsin yana bushewa, da haɗin da kafinta ya fafe ya zura ba tare da ƙusa ba. Wannan shi ake saye, shi ake riritawa. Gyara kaɗan yake so, ba a mayar da shi sabo ba.

Ki auna ɗakinki kafin ki fita nema

Iri uku ake samu. Akwai mai lilo, wanda firam ɗinsa ke rataye a kan noti biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ana karkata shi gaba ko baya. Akwai mai ƙafa guda ta baya da ake buɗewa ta tokare shi. Akwai kuma babba mai nauyi da ba shi da ƙafa sam, sai a jingina shi da bango. Mai lilon ya fi su tsayuwa da kansa. A Faransa aka fara yayinsa wajen ƙarshen ƙarni na 18, bayan masu gilashi sun ƙware wajen zuba gilashi falle guda mai tsawon mutum, daga nan kafintocin Ingila suka ɗauka. Siffar da suka ba shi ita ce kafintocinmu suka kwaikwaya daga baya.

Ki ɗauki tef ki auna inda kike son ajiye shi. Ƙafafun mai lilo kan ci kusan rabin mita daga gaba zuwa baya, sannan yana buƙatar ɗan fili a bayansa don karkatawa. A gabansa ki bar aƙalla mita 1.5 da ba gado ba kujera. Ki auna ƙofar ɗakin ma, musamman in gidan na cikin birni ne mai ginin ƙasa, inda ƙofofi kan yi gajarta kuma sai an bi ta zaure an karya kwana.

Game da tsawo, mutane da yawa suna ɗauka sai madubi ya kai tsawon mutum kafin ya nuna shi gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Madubin da ke tsaye cak rabin tsawonki kawai yake buƙata. Mai tsawon santimita 160, gilashi mai santimita 80 ya isa ya nuna ta daga kai har ƙafa, muddin gefensa na ƙasa yana daidai rabin tsayin idonta daga ƙasa. Shi ya sa madubin da gilashinsa ya fara daga wajen gwiwa yake nuna takalmi ba wahala. Matsawa baya ba ya ƙara abin da kike gani na jikinki, sauƙin kallo kawai yake ƙarawa. Sai dai mu ba tsirarar tsawo muke aunawa ba. Akwai ɗaurin ɗankwali da ke tashi sama, akwai hular maigida, akwai babbar riga da ke buɗewa in an ɗaga hannu. Don haka gilashi mai tsawon santimita 120 zuwa 150 da faɗin 45 zuwa 60 shi ne daidai gidan iyali.

Inda ake samunsa

Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'ar irin waɗannan kaya. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka yi ta gina gidajen ma'aikatan reluwe da na kamfanoni a Sabon Gari da kewayen unguwar PZ, sannan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gidajen ma'aikata suka cika a Samaru da Kongo. Kayan katakon waɗannan gidaje sun yi ta sauya hannu duk lokacin da wani ya tashi ko ya yi ritaya. Ga kuma waɗanda kafintocin gari suka yi wa amare shekaru da dama, da na gwanjo da ake shigowa da su daga Turai.

Ki fara da gida. Ki tambayi gwaggo da inna da kaka, sau da yawa abin yana sito ba mai waiwayarsa. Daga nan sai dillaliyar unguwa, don ita ta san gidan da ake sauya kayan ɗaki tun kafin kayan su fito. Bayan su sai masu tsofaffin kayan katako na wajen Sabon Gari da Tudun Wada. Kada ki saya daga hoton waya. Hoto ba ya nuna rawar ƙafa, ba ya nuna ramin ƙwaro.

Dubawa: daga ƙasa ake farawa

Ki je da rana, ki riƙe tocila da tef da farar takarda da biro. Idan kin isa, ki daure kada ki fara da kallon fuskarki a ciki. Ki durƙusa ki fara da ƙafafu, domin nan ne ruwan wanke ɗaki da gara suke fara ci. Ki danna bakin biro a ƙarƙashin kowace ƙafa. Katako mai lafiya ba ya nutsewa. Idan ya shige kamar cikin burodi, cikin ya riga ya tafi ko da fuskar tana sheƙi. Ki ƙwanƙwasa sandunan da bayan yatsa daga ƙasa zuwa sama: inda sauti ya koma na holoƙo, gara ta bi ta nan. Ita gara takan bar hanyar ƙasa manne a jikin katako, ƙwaron katako kuwa ƙananan ramuka yake bari masu girman kan allura, da gari mai laushi yana zubowa.

Sai ki miƙe ki ɗora tafin hannu a saman sanda guda ki ɗan girgiza. Rawa kaɗan a mahaɗa ba abin tsoro ba ce, gam ne ya saki, kafinta zai mayar. Abin gudu shi ne tsagewa a daidai inda sanda ta shiga ƙafa, ko wurin da aka taɓa gyarawa da manyan ƙusoshi har katakon ya dare.

Daga nan ki koma kan notin lilo. A tsofaffi na kirki na tagulla ne, da kai mai faɗi da ake murɗawa da hannu. Ki karkata madubin kaɗan ki sake shi. Ya kamata ya tsaya inda kika bar shi. In ya sulale ya koma, ko dai zaren notin ya cinye ko ramin katakon ya faɗaɗa. Duka biyun suna gyaruwa, amma ki sa su a lissafin ciniki.

Sannan ki ce, "Baba, don Allah a juyo mini bayansa." Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Bayan madubi shi ke faɗar shekarunsa. Faifan katako na gaske da ya yi duhu, da ƙananan katakai masu kusurwa da aka manna suna riƙe gilashi, da sukurori masu tsaga guda a kai, duk alamun tsohon aiki ne. Filawud fari tas da sukurori masu kan gicciye suna nuna ko dai sabo ne aka tsufar da shi, ko an sauya bayan. Ki haska tocila a kusurwoyin firam ki ga ko sun buɗe. Ki kuma shafa hannu a fuskar katakon, domin wasu an manna musu siririn falle na katako mai tsada a kan mai araha, kuma fallen kan kumbura ya ɗago in ya sha danshi.

Gilashin kansa

Yanzu ki zo gaba. Ki ja baya kamar mita 2, ki nemi wani miƙaƙƙen abu a cikin madubin, kamar gefen ƙofa, ki riƙa motsa kanki dama da hagu. In layin yana lanƙwasa yana rawa, gilashin ba shi da daidaito, kuma haka zai riƙa karkata miki jiki kullum. Kafin kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da hanyar zuba gilashi a kan narkakkiyar kuza a 1959, gilashi mai santsi sosai sai wanda aka goge da inji, mai kauri mai tsada. Mai araha kuwa yakan zo da ɗan igiyar ruwa a jikinsa. Don haka madubin da aka yi kafin wannan lokaci, in ya nuna layi a miƙe, kayan kirki aka sa masa.

Ki ɗora bakin biro a kan gilashin. Tazarar da ke tsakanin bakin da hotonsa ita ke nuna kauri: in ta yi faɗi, gilashin mai kauri ne. Ki duba ko an zabge gefensa kewaye, wato an yi masa gangare mai sheƙi kamar faɗin yatsa. Wannan aiki ne mai daraja, kuma gilashin da ke da shi ya cancanci a bar shi ko da ya yi tabo.

Tabon nan da ake ƙi, baƙin gefe da ɗigo-ɗigon toka, ba datti ba ne, kuma ba ya goguwa. Azurfar da aka shafa a bayan gilashin ce danshi ya ci. Ni a ganina, in tsakiyar madubin daga fuska zuwa gwiwa tana nunawa sarai, tabon gefe ado ne, shi ke bambanta shi da na kanti. In kuwa hazon ya rufe daidai fuska, a sauya gilashi, a bar firam.

Abu ɗaya ne ke buƙatar taka-tsantsan na musamman. Shafa azurfa a bayan gilashi, Bajamushen nan Justus von Liebig ne ya fito da hanyarsa a 1835. Kafin nan, har ma zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 19, da haɗin kuza da zaiba ake yin madubi, hanyar da masu gilashin Venis ta Italiya suka shahara da ita. Irin wannan madubin yana da ƙyalli-ƙyalli kamar yashi a cikin gilashin, musamman ta ƙasa, kuma wani lokaci akan ga ƙananan ɗigon zaiba a cikin firam. Samunsa a Zariya abu ne mai wuya, amma yakan faɗo cikin kayan gwanjo. Zaiba guba ce. In kin gamu da shi, kada a kwantar da shi, kada a juya shi kai ƙasa, kada a buɗe bayansa, kuma kada ya shiga ɗakin kwana ko gidan da ke da ƙananan yara ko mai juna biyu. In ɗigo ya zuba, ba a sharewa da tsintsiya. A buɗe tagogi, a tattara da kwali mai ƙarfi, a zuba a kwalba mai murfi.

Idan kin gama dubawa sai ciniki. Ki lissafa wa mai kaya abin da kika gani ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci, ki haɗa kuɗin kafinta da na mota a zuciyarki kafin ki taya.

Ɗauko shi zuwa gida

Madubai da yawa a hanya suke mutuwa. Gilashi yana da nauyi fiye da yadda ake zato: kowace murabba'in mita tana ɗaukar kilo 2.5 a kan kowace milimita ta kauri. Gilashi mai santimita 150 da 50, kaurin milimita 6, ya haura kilo 11 shi kaɗai, ban da katako. In aka kwantar da shi a bayan mota, nauyinsa na danna tsakiyarsa, rami guda a hanya ya isa ya tsaga shi.

A cire notin biyu a raba firam da ƙafafu, mutum ɗaya na riƙe da firam ɗin yayin da ake kwancewa. Ki ɗaure notin dama daban na hagu daban a leda, domin kowanne ya saba da raminsa. A naɗe firam da bargo, a tsayar da shi a kan dogon gefensa, a sa katifa ta kowane ɓangare, a ɗaure da jikin mota. A-kori-kura ta fi Keke Napep dacewa da wannan aiki. In daga Samaru za a kai shi cikin birni, ta Kwangila da Tudun Wada har Ƙofar Doka, wani ya zauna a baya ya dafa shi, direba kuma ya bi a hankali.

Da isowarsa kada ya wuce ɗaki kai tsaye. Ki ajiye shi a inuwa, wuri busasshe, ki shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinsa ki bar shi mako ɗaya ko biyu. In kika ga sabon gari ya zubo a takardar, ƙwaron yana da rai, kuma in ya shiga ɗaki gado da kabad zai koma. Ki sayi maganin katako irin su Solignum, marar launi, ki zuƙa a sirinji ki ɗura a kowane rami, sannan ki shafe ƙarƙashin ƙafafu da bayan firam da buroshi. A waje ake wannan, da safar hannu, nesa da wuta da yara. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi ba na kayan ɗaki ba ne: yana baƙanta katako har abada, warinsa kuma ba ya fita.

Gyaran katako

Nan ne ake yawan ɓata abin. Ki fara da goge ƙura da busasshen buroshi mai laushi, ki bi cikin sassaƙa da tsohon buroshin haƙori. Sai ki jiƙa tsumma a ruwa mai ɗan sabulu, ki matse shi sosai har ya daina ɗiga, ki goge ɗan wuri, ki bi da busasshe nan take. Za ki ga tsumman ya yi baƙi da hayaƙi da man hannu na shekaru, launin katakon na asali yana fitowa a ƙasa, ja mai duhu in madaci ne, ruwan zuma mai duhu in loko ne. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Don sanin irin shafin da ke jikinsa, ki ɗiga sifirit a auduga ki taɓa wani ɓoyayyen wuri a cikin ƙafa. In wurin ya yi danƙo ya narke, tsohon folish ne na hannu, wanda ake iya farfaɗo da shi ba tare da kankarewa ba. In bai motsa ba, banish ne ko fenti. Tsohon fenti kan ƙunshi dalma, saboda haka kada a goge shi da sanfefa a bushe a cikin gida. A waje, a jiƙe, da takunkumi.

Idan za ki kai wa kafinta, ki nemi dattijo wanda ya saba da haɗin fafewa, ki kuma faɗa masa abin da kike so dalla-dalla. Kusan kullum maganar takan tafi haka:

"Hajiya, ki bari in kankare shi in fesa masa fenti, zai fito kamar yau aka yi shi."

"A'a Malam, sabo ai yana kasuwa. Ka kwance mahaɗan da suka saki, ka kankare tsohon gam, ka sa sabo ka matse. Ban da ƙusa, ban da fenti."

Ba mugunta ba ce ta sa yake ba da waccan shawara, abin da yawancin masu kawo aiki ke nema ke nan. Amma fenti mai sheƙi yana binne zanen katakon da kika biya kuɗi dominsa, kuma fitar da shi daga cikin sassaƙa wahala ce babba. Ƙusa kuwa tana tsaga busasshen katako.

Lokacin aikin ma yana da muhimmanci. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kuma a Zariya tazarar da ke tsakanin watan Agusta da watan Janairu babba ce. Mahaɗar da aka manne da hunturu, lokacin da katako ya tsuke iyakar tsukewa, tana ƙara matsewa in damina ta zo. Wadda aka manne a tsakiyar damina kuwa takan saki da zarar iska ta bushe. Don haka in da hali, a yi aikin gam tsakanin Disamba da Fabrairu.

Notin lilo da ke sulalewa yana da magani mai sauƙi. Ki je wurin baduku ya yanko miki fata mai kauri zagaye-zagaye guda biyu, ya huda tsakiya, a sa tsakanin firam da sanda. Fatar tana riƙewa ba tare da cin katako ba. In ramin ne ya faɗaɗa, kafinta ya toshe shi da turken katako da gam ya sake hudawa. Tagullar kuma lemun tsami da ɗan gishiri suna fito da ita, amma a cire ta daga jikin katako tukuna, a ɗauraye a shanya.

Ƙarshen aikin katako shi ne kaki. Ki sami kakin goge katako na gwangwani, ko folish ɗin takalmi marar launi in wancan ya gagara. Ki shafa siriri, ki bari ya sha iska, ki murje da tsumma mai laushi har ya yi sheƙi mai sanyi. Man gyaɗa da man ja ba su dace ba, suna yin danƙo su kama ƙura.

In za a sauya gilashi

Ki ce wa mai gilashi milimita 5 ko 6 kike so. Mai milimita 3 ya fi araha, amma a wannan tsawo yana lanƙwasa ya karkata hoto. A yanka shi ya gaza ramin firam da kamar milimita 2 ta kowane gefe, don katako ya sami wurin motsi ba tare da ya matse gilashi ba. Kada a manne shi da gam a jikin firam, ƙananan katakai ko maɗaurai ake riƙe shi da su. A sa takarda mai kauri tsakaninsa da faifan baya. In akwai yara a gidan, a manna ledar kariya a bayan sabon gilashin, yadda ko ya fashe ba zai tarwatse ba. Bayan an haɗa, a sake gwada lilon, domin nauyi ya sauya.

Wajen goge gilashi, tsoho ko sabo, doka ɗaya ce: a tsumma ake fesa ruwa, ba a gilashi ba. Ruwan da ya gangara ya shige ƙarƙashin firam shi ke cin azurfa ya kawo baƙin gefe, kuma ruwan goge gilashi mai ammoniya ya fi ɓarna. Ruwa da ɗan khal ko ɗan sifirit sun isa. Da hunturu ki fara kaɗe ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi, domin ƙurar tana da yashi, in aka murza ta tana karce gilashi.

Ba shi wuri

Haske ake fara dubawa. Hasken a kanki ya kamata ya sauka, ba a kan madubi ba. In madubin na shiri ne, ki ajiye shi a gefen taga, bayansa na bangon da tagar take, yadda in kin tsaya hasken zai faɗo a fuskarki. In taga tana bayanki, inuwar kanki kawai za ki gani. In kuwa burinki haskaka ɗaki mai duhu ne, irin ɗakunan cikin birni masu ƙaramar taga da kaurin bango, ki sa shi a bangon da ke gefen tagar ya ɗan fuskance ta, zai jefa haske cikin lungun ɗakin. Ranar la'asar dai kada ta riƙa dukansa kai tsaye, tana ƙoɗar da katako tana dafa bayan gilashi.

Na biyu shi ne sutura, kuma wannan mu ya fi shafa. Madubi yana kai ido inda labule ya hana. Bayan kin ajiye shi, ki fita ki tsaya a bakin ƙofa inda mai sallama ke tsayawa, ki leƙa. In kina hango gado ko wurin sauya kaya ta cikin madubin, duk wanda ya tsaya nan zai hango. Ki gwada ta taga ma. Juya shi kaɗan yakan warware matsalar. Haka nan ki kauce wa sa shi a gaban inda ake shimfiɗa sallaya ta fuskar alƙibla, don motsin mutum a cikinsa yana ɗauke hankali.

Na uku bango da ƙasa. Ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, musamman bangon da ke jiƙa da damina ko wanda ke haɗe da banɗaki. A daɓen ƙasa ko simintin da ke tsatsafo da danshi, ki sa ƙananan roba ko guntayen tayil a ƙarƙashin ƙafafu. In ƙasan ba daidai take ba, a cike ƙarƙashin ƙafar da ta gaza har ya daina rawa. Sannan ki ɗaura noti a zare ki sake shi a gefen firam ki ga ko madubin na tsaye cak. Wanda aka karkata baya yana ƙara wa mutum tsawo, wanda aka sunkuyar yana gajarta shi. Mai auna ɗinki, tela ko amarya, tsaye cak take buƙata.

Mai jingina da bango shi ne mai hatsari. Gindinsa kada ya nisanci bango fiye da taƙi guda, a sa roba a ƙasa don kada ya zame a kan tayil, a kuma ɗaure samansa da bango da maɗauri da sukuru. Yaro mai koyon tafiya yana ganin ɗan'uwansa a ciki zai dafa ya ja. A bangon ƙasa sukuru ba ya kamawa, don haka a can mai ƙafa huɗu ya fi, a sa shi a kusurwa inda ba hanyar gudun yara ba.

Sai ado, kuma nan ƙanƙanta shi ne gwaninta. Madubi yana ninka duk abin da ke gabansa, don haka ki tsaya inda kika fi zama ki ga me yake nunawa. In tarin akwatuna ne da igiyar kaya, ya ninka miki hargitsi. In labule ne mai kyau, ko jeren kwanuka, ko ƙofar da ke kallon bishiyar tsakar gida, ya ƙara wa ɗakin faɗi. Katako mai duhu ya fi fitowa a jikin bango fari ko ruwan ƙasa mai haske. A gefensa abu ɗaya ko biyu sun isa: tumtum na fata aikin dukawa don zaman sa takalmi, ƙaramar darduma a gabansa, kwandon saƙa na ajiye ɗankwali. Kada sandunansa su zama maratayar gyale da jaka, nauyin gefe guda yana karkata shi yana sassauta mahaɗa. Kaskon turaren wuta kuma a nisanta shi, hayaƙin yana barin maiƙo a gilashi, zafin yana busar da ƙafafu.

Kula da shi shekara-shekara

Sau biyu a shekara ake waiwayarsa. Da shigowar hunturu, wajen Nuwamba, ki taɓa notin lilo, za ki ji sun yi sako-sako saboda katako ya tsuke. Ki ɗan matse da hannu, ban da filaya, ki shafa kaki. Ki yafa masa farin ƙyalle mai sauƙi a ranakun da ƙura ta yi yawa. Da faɗuwar damina, wajen Mayu, ki sassauta notin kaɗan don kada kumburin katako ya tsaga wajen ramin, ki jawo shi daga bango, ki haska tocila a ƙarƙashin ƙafafu ki nemi hanyar gara. Ranar wanke ɗaki a ɗaga shi a fitar ko a ɗora ƙafafunsa a kan bulo. In za a matsar da shi, mutum biyu su kama sandunan ta ƙasa su ɗaga, ba a jan sa a ƙasa, ba a kuma kama shi ta firam.